Riƙon Dellie

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe goma da rabi na safe

Colette ta zo. Ita ce ma'aikaciyar ofishin kula da yara da ta kawo mana Dellie shekara shida da suka wuce, tana 'yar shekara uku, naɗe cikin bargon asibiti. Yau na zuba mata kofi ta ce a'a, ta gode. Colette ba ta taɓa ƙin kofina ba. Tun daga nan na san abin da ke cikin jakarta.

Alƙali ya sa ranar da Dellie za ta koma wurin Shawna, uwar da ta haife ta. Ba zan rubuta ranar a nan ba. Wata ɗaya ne da ɗan wani abu.

Colette ta ce Shawna ta cika duk sharuɗɗan da aka gindaya mata. Shekara biyu ba ta taɓa kayan maye ba. Tana aikin wanki da guga a wani otal a birnin Winnipeg, ta kama gida mai ɗaki biyu. Orrin, maigidana, yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya ce, "Ai mun sani tun farko, Retta. Riƙo aka ba mu." Haka yake taƙaita sunana, Loretta. Ya sa hula ya koma gona, waken suya bai gama shiga rumbu ba.

Ban yi kuka ba. Na ɗauki kofin da Colette ba ta taɓa ba na wanke shi sau biyu, ina kallon hannuwana kamar na wata. Fasto ya taɓa ce min in zuciya ta cika a samu takarda. To, ga takarda.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Mun gaya mata. Ta ce, "To." Sai ta tambaya ko akwai sauran burodi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Wani abu ya tsaya min a rai tun jiya, ina ta juya shi. Ina cewa cokalina. Ina cewa mijina. Ina cewa Allahna. Duk da baki ɗaya nake faɗa, amma ba abu ɗaya ba ne. Cokalina, in na ga dama in jefar da shi, ba mai tambayata. Allahna kuwa, ai ni ce tasa, ba shi ne nawa ba. Orrin yana tsakiya, wani lokaci ya fi kusa da cokalin.

To in na ce 'yata, wanne nake nufi? Shekara shida ina faɗa a makaranta, a asibiti, a kanti, ban taɓa tsayawa na duba ba. Da gaske nake so in sani.

Agwagin daji suna ta wucewa kudu. Sanyi ya kusa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Bayan sujada Ardith Klassen ta ja ni bayan kicin ɗin coci. Ita ce shugabar zumuntar mata tun kafin in yi aure, ta haura saba'in, kuma har yau in ta ce a zauna ana zama.

Ta ce, "Loretta, 'yar'uwa, mun yi magana. Za mu rubuta wa alƙali, duk mu sa hannu. Mace talatin da ɗaya."

Na ce, "Ku ce masa me?"

"Mu ce masa gaskiya mana! Matar da za ta bar 'yarta a cikin mota a tsakiyar sanyin Janairu ta shige..."

Na ce ta bari. Ba na son jin maganar motar nan a bakin kowa. Ni na karanta takardun, ni nake saya wa Dellie takalma, na san yatsun da sanyi ya cinye a ƙafarta ta hagu. Ardith ji kawai ta yi.

Ta ce, "Ke ce uwarta. Waccan haihuwa kawai ta yi."

Na ce kada su rubuta. Amma ya kamata in faɗi gaskiya a nan: maganar ta yi min daɗi. Na taho gida ina tsotsarta kamar alewa.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Yau bikin Ranar Godiya, ranar da iyali ke taruwa a ci tare. Colette ce ta ba da shawara mu gayyaci Shawna, na gayyace ta. A da a ofis kawai nake ganinta, in miƙa yarinya in fita. Yau ne na fara kallonta sosai.

Ƙarama ce. Shekararta talatin da ɗaya amma hannuwanta duk sun tsage saboda ruwan wanki. Ta zo da kek ɗin kabewa na kanti, ta ga nawa biyu a kan tebur, ta nemi ɓoye nata a bayanta. Orrin ya karɓe ya ce, "Kawo nan, na Retta kullum kirfa ta yi masa yawa." Shekara talatin da huɗu yana cin kek ɗina bai taɓa faɗin haka ba. Za mu yi maganar.

Na gasa talotalo, na yi burodin nan mai goyo irin na kakata. Orrin ya yi addu'a ya gode wa Ubangiji saboda duk wanda ke zaune a teburin. Na buɗe ido ɗaya. Shawna ba ta rufe nata ba, ƙasan tebur take kallo, wajen ƙafar Dellie.

Ga abin da ya ba ni mamaki. Dellie in za ta yi dariya sai ta fara taune leɓenta na ƙasa, ta riƙe, sannan ta fashe. Na daɗe ina cewa daga wurin Orrin ta kwaso. Yau Orrin ya ba da labarin ranar da saniya ta kore shi har cikin tafki, sai na ga su biyun sun taune leɓe lokaci ɗaya. Ba wanda ya koya wa wani. Da abinta ta zo gidana, ban sani ba. Me kuma ta zo da shi da nake tsammanin ni na zuba?

Dellie tana kiranta Shawna, ni kuma Mama Lo. Da muna wanke kwanuka Shawna ta ce, "Ba zan hana ta kiranki haka ba." Na ce na gode. Daga baya na ji haushin godiyar. Yaushe sunana ya zama abin da wata za ta bari ko ta hana?

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu na rana

Na tarar da Fasto yana gyaran makullin ƙofar coci, na tambaye shi kai tsaye. Na ce, "Fasto, kullum kuna cewa ƙaunar Allah ba ta da sharaɗi. To a daidai lokacin da yarinyar nan take cikin motar, ita kuma uwar tana inda take, Allah yana ƙaunar uwar kamar yadda yake ƙaunar yarinyar?"

Ya ajiye sukundireba. Ya ce, "I."

Na ce, "Daidai wa daida?"

Ya ce, "Haka na gaskata."

Na ce, "To ni ban ga adalci a nan ba."

Ya ce, "Ni ma ban ce miki na gani ba, Loretta. Miƙo min wancan ƙusan."

Na miƙa masa. Ban san me ya sa ba, amsar ta fi min wa'azi.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na kai Dellie Winnipeg, kwananta na farko a can. Gidan Shawna a hawa na uku yake. Gidan fes, har ƙamshin sabulu na hawa kai. Ɗakin Dellie an yi masa fenti ruwan ƙwai, launin da ta daina so tun tana shekara bakwai. Ban ce komai ba.

Na shiga banɗaki. Ban je neman komai ba.

Ƙarya ne. Na buɗe ɗan kabad ɗin da ke saman madubi, na matsar da auduga. Akwai kwalbar ƙwayoyi a baya, an kankare takardar jikinta gaba ɗaya.

Na mayar da audugar yadda take. Na fito na sumbaci Dellie, na ce wa Shawna gidan ya yi kyau. Duk hanya, awa ɗaya da rabi, ƙirjina na bugawa. Ina so in ce tsoro ne. Akwai tsoron. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashinsa mai ɗumi, ban so in ɗaga in duba ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Dellie ta dawo lafiya. Sun ci taliya, sun hau bas, ta ce Shawna tana munshari.

A coci ban ji wa'azin ba. Hankalina ya tafi kan labarin matan nan biyu da suka kai ƙarar jariri ɗaya gaban sarki. Tun muna yara aka koya mana cewa uwar gaskiya ita ce wadda ta ce a bar wa ɗayar. To amma a can ɗaya maƙaryaciya ce, shi ya sa shari'ar ta yi sauƙi. In duk su biyun gaskiya suke faɗa fa? In ɗaya ta haifa, ɗaya ta kwana goma sha tara a kujerar asibiti? Sarkin me zai yi da takobinsa? Ina jin sai ya mayar da shi kube ya tashi cin abinci.

Ban gaya wa Orrin abin da na gani ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ina da lambar Shawna. Zan iya kiranta in tambaye ta. Na san haka. Na rubuta a nan don kada gobe in ce ban sani ba.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi waya. Ba Shawna na kira ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ofis ya dakatar da zuwa Winnipeg sai an bincika. Dellie ta ce, "Me ya faru?" Na ce aikin manya ne. Ta ce, "Kullum aikin manya ne," ta haye sama.

Orrin ya dube ni ta saman tabarau. Bai tambaya ba. Na yi miyar kabeji tukunya guda, alhali akwai ta jiya.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Colette ta kira. Muryarta a miƙe, ba faɗa, wanda ya fi faɗa ciwo.

Likita ne ya rubuta maganin. Shi ne yake riƙe Shawna kada ta koma wa abin da ta baro. Ofis ya san da shi tun farko. Da sun duba takardunsu da kyau ma ba sai an je ko'ina ba, amma ƙa'ida ce in an kawo rahoto a gwada mutum. Har wurin aiki suka je suka ɗauke ta, a gaban abokan aikinta. Gwajin ya fito fes.

Na ce, "To me ya sa ta kankare takardar?"

Colette ta ce, "Saboda Dellie ta iya karatu, Loretta. Ba ta so ta ga sunan ta je ta bincika."

Ranar da alƙali ya sa ba ta canja ba.

Da Orrin ya shigo na gaya masa duka, ina tsaye a gaban murhu na ba shi baya. Ya daɗe yana kwance igiyar takalmi. Ya ce, "Da kin tambaye ta." Na ce na sani. Ya ce, "Na san kin sani." Ya zo ya dafa kafaɗata, hannunsa duk warin man dizal, ya bar shi a nan har miyar ta fara kamawa.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu da rabi na rana

Ban san ta inda labarin ya fita ba, a garin nan ko tari ka yi a gona za a ji a kanti. Ardith ta riƙe hannuna biyu a bakin ƙofar coci ta ce, "Kin yi daidai, 'yar'uwa. Irin waɗannan sai da ido a kansu." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Yau jibin Ubangiji ne, ranar da ake zagayawa da gurasa a coci. Da farantin gurasa ya zo kaina na riƙe shi har matar da ke gefena ta taɓa ni. Ga abin da na ƙi rubutawa tun Talata. Kai rahoton ba shi ne babban abin ba, kowace uwa tana iya tsorata. Tsakanin Talata da Juma'a na yi addu'a, a durƙushe, kuma abin da zuciyata take roƙo shi ne ya zama gaskiya. Na roƙi Allah a ce mace ta koma cikin ramin da ta yi shekara biyu tana rarrafowa daga ciki, don in riƙe abin da nake cewa nawa. Bakina yana cewa "nufinka", amma shi ya san abin da ke ƙasa.

Na ɗauki gurasar. Ban sani ba ko daidai ne. Na tuna abin da Fasto ya ce a bakin ƙofa, sai na ga ashe tambayar da na yi a kan Shawna ta juyo kaina. A daidai lokacin da nake durƙushe ina wannan roƙon, yana ƙaunata? In amsar I ce, to rashin adalcin nan da na yi ƙorafi a kai, da shi nake numfashi.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na je Winnipeg ni kaɗai. Na jira ta a ƙofar baya ta otal ɗin har ta fito hutun rana. Da ta gan ni ta tsaya, ta kunna sigari.

Ta ce, "Ke ce ko?"

Na ce, "Ni ce."

"Na sani. Ba wanda ya shiga banɗakin nan sai ke." Ta busa hayaƙi gefe. "Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Kwana biyu na yi ina goge gidan nan saboda ke. Har bayan firiji. Na ce matar nan mai burodi za ta duba bayan firiji."

Na fara cewa don Allah ta yafe min, ta ɗaga hannu.

"A'a, Madam. Kada ki kawo min wannan na cocinku, ba yau ba. Ku kuna son a yafe muku kafin abincin rana don ku ci da daɗi. Ni mata tara nake aiki da su, yanzu duk jakunkunansu suke ɓoyewa in na shigo."

Na lura wannan ne karo na farko da na tsaya gabanta ba ni ce mai gaskiya ba. Wurin tsayuwar daban ne. Daga nan har tsawonta ya ƙaru.

Ta ce, "Kina tsammanin ban san abin da na yi ba? Ranar Asabar ta cire safa za ta kwanta. Na shiga banɗakin nan naki na kunna famfo don kada ta ji ni." Ta taka sigarin. "Ba sai kin yi min shari'a ba. Ina da alƙali a cikin kaina, ba ya zuwa hutu."

An leƙo an kira ta. Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Ban ce na yafe ba. Amma ki rubuto min abin da take ci da abin da ba ta ci. Taliya kaɗai na iya."

Na ce zan rubuta. Na ce kuma ba ta son ruwan ƙwai, shuɗi take so. Ta ce, "Kai! Yanzu kike faɗa?" Ta taune leɓe, amma ba ta bari dariyar ta fito ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Shafi huɗu. Ba ta cin ƙwai in gwaiduwar na gudu. Takalmin hagu sai an cusa auduga a gaba. In ta ce cikinta na ciwo ranar Litinin, jarrabawar lissafi ce. In ta yi shiru ta ce "To", a nan ne abin ya fi tsanani.

Ina rubutawa ina ji kamar ina miƙa makullan gida ɗaya bayan ɗaya. Sai dai wani abu: da na gama, duk abin da na rubuta yana nan a kaina. Ban rasa ko ɗaya ba. Wannan wane irin abu ne da za ka bayar duka kuma ya rage duka?

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Muna haɗa kaya cikin kwali, Dellie ta jefar da rigar da ke hannunta.

Ta ce, "Ba ki ma yi faɗa ba."

Na ce, "Faɗan me?"

"A kaina! Da karen su Misis Toews ya ɓace, sai da suka manna takarda a kowane turken lantarki a garin nan. Kare fa! Ni an ce a kawo ni, kin ce to, kina ta ninke kaya. Ko takarda ɗaya."

Abin da zai kwantar mata da hankali yana kan harshena: na yi faɗa, 'yata, faɗan ƙazanta ma. Amma in na faɗa sai na faɗi kwalbar, sai na faɗi sunan da uwarta ta kankare da wuƙa don kada ta gani. Na riga na buɗe kabad ɗin matar nan sau ɗaya.

Na ce, "Ina ƙaunarki, Dellie."

Ta ce, "Kowa haka yake cewa," ta fita.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Ba ta yi min magana.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ta yi min magana. Ta ce wa Orrin ya ce min ta gode da wankin.

Na tambayi kaina: in ta tafi a haka, ta girma tana cewa matar nan ta ba da ni kamar tsohuwar kujera, ba ta sake kirana ba har in mutu, zan ci gaba da ƙaunarta? Na zauna na duba sosai, kamar mai duba ƙwai a hasken taga. Zan ci gaba. Abin ya ba ni mamaki, don ni mace ce mai son a gode mata. Ashe akwai wani lungu a cikina da ba ya jiran komai. Ƙarami ne, amma yana nan. Ba na jin ni na gina shi.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Orrin bai zo cin abinci ba. Na same shi a rumfar injuna, zaune cikin tarakta, injin a kashe, hularsa a kan fuska. Mutumin da ya ce riƙo aka ba mu. Na hau na zauna a 'yar kujerar gefe, wadda ya ɗaura wa Dellie. Ya ce, "Wa zai riƙa gaya min na karkace layi?" Na ce ni zan riƙa gaya masa. Ya ce, "Ke ai tuntuni kike yi."

Dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yau ce ranar. Kwali shida da keke. Ta rungume Orrin. Ba ta waiwayo ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Ban je coci ba. Ardith ta zo da tukunyar miya, da sandarta, a cikin wannan santsin. Na shirya jin wa'azi a kan irin waɗannan. Ba ta yi wa'azin ba. Ta zauna ta ɗauki kwandon safa ta yi ta haɗa su biyu-biyu har awa ɗaya. Da za ta tafi ta ce, "Ki ci miyar nan, kada in zo in tarar da ita." Ita ma na gama yanke mata hukunci tuntuni, ga shi ta ɓata min shi.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Na dafa ƙwai uku. Mu biyu ne.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Waya ta yi ƙara ƙarfe huɗu da kwata. Shawna ce.

Ta ce, "Kwana shida tana ce min To. Na duba takardarki, na ga abin da To yake nufi. Jiya na matsa mata, ta ce ke ba ki damu ba, ko faɗa ba ki yi ba. Sai na gaya mata."

Na ce, "Kin gaya mata me?"

"Duka. Maganin, da sunansa, da abin da yake yi min. Da yadda kika shiga banɗakina kamar ɗan sanda kika sa aka kwashe ni a wurin aiki. Na ce mata matar nan saura kaɗan ta hallaka ni a kanki, wane faɗa kike nema kuma?"

Na ce, "Shawna, ai ba ki so ta san maganin ba."

Ta ce, "Ban so ba. To ya zan yi, in bar ta tana tsammanin ba wanda ya so ta? Na taɓa barinta a cikin sanyi sau ɗaya, ya isa. Ga ta nan. Har yanzu ban yafe ba, ki sani."

Na ji an ja wayar, na ji numfashi.

"Mama Lo?"

"Na'am."

"Da gaske kin kai ƙarar Shawna?"

"Da gaske."

"Kin buɗe mata kabad?"

"Na buɗe."

"Ba kyau."

Na ce, "Ba kyau ko kaɗan."

"Ke kika ce min ba a taɓa kayan mutane."

"Ni na ce."

Ina jin ƙarar motoci ta tagarsu, da Shawna tana buga tukwane da gangan don kada a ce tana saurare.

Ta ce, "Sai kin ba ta haƙuri sosai. Ba sau ɗaya ba."

Na ce, "To."

Ta ce, "Asabar za mu yi fenti. Ki zo da Baba Orrin, Shawna ba ta kai sama. Ki sa tsofaffin kaya."